Rage robar, ka motsa ruwan

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce in ka je farautar agwagin daji kana baza agwagin roba har dozin biyar a fadamun bakin teku na jihar Luwiziyana ta Amurka, amma agwagin sai su kewaya sau biyu su yi gaba. Ni ma na sha wannan takaicin a fadamun kudu da garin Lake Charles kafin na gane inda gizo ke saƙa.

Agwagwar da ta iso maka a Janairu tun Satumba ake harbinta, daga Kanada har gangarowa kwarin Misisipi. Ta ga irin shimfiɗarka ba adadi: tarin roba a jere, fili a tsakiya, duhun ciyawa a gefe. Yawan da ke jawo su a makon farko na kakar farauta shi ke korar su yanzu. Ni a ƙarshen kaka ba na wuce goma zuwa sha biyu. Ka je da yamma ba bindiga, ka zauna ka kalli yadda na gaske suke zama. Za ka gan su bibbiyu, uku-uku, a warwatse a bakin ciyawa, kuma a wannan watan yawanci mace da namiji sun riga sun haɗu. Haka za ka ajiye naka, da tazarar taku uku ko huɗu.

Agwagwa iska take fuskanta in za ta sauka, shi ya sa kowa ke ba iska baya. Illar ita ce tana saukowa tana kallon maɓoyarka ido da ido. Na fi son iska ta bugo ni ta kafaɗa, robar tana gefe kamar taku ashirin da biyar, hankalinsu na kan ruwa, ba kaina ba.

Abin da ya fi komai ba ni wahala shi ne ranar da ba iska. Ruwa ya kwanta kamar madubi, roba ta sandare, daga can sama sun san ba rai. Ka ɗaura uku a igiya mai ɗan roba mai talewa, ka kafa ƙarshenta da nauyi, ka riƙe ɗaya bakin. Suna nesa ka riƙa fizga a hankali, zoben ruwan nan da ke bazuwa shi suke nema. Sun juyo kanka, ka saki. Agwagwar roba mai fiffike mai juyawa da batir kuwa, tana aiki a farkon kaka, amma a Janairu na ga tana korar masu wayo, sai na daina ɗauka.

Ka kula da ruwan kansa. Iskar arewa bayan sanyi ya sauko tana tura ruwan fadama zuwa teku. Wata safiya na baza roba cikin duhu ruwa na gwiwa, kafin hantsi rabinsu sun kwanta a kan laka ta gefe guda, agwagwa ko ɗaya ba ta kusanto ba. Tun ranar nake neman kwarin da ruwa ba ya ƙafewa, kuma duk wadda laka ta ɓata sai na wanke ta.

Sai fuskarka. Maharbanmu na gida da ke ɗaura kan burtu sun san dabba motsi da siffar mutum take gudu, to haka agwagwa. Rufe fuska, ka rufe hannu, kar ka ɗaga kai suna kewayawa, ka rage busa usur ɗin kira.

Tunda sabo ne kai, kar wani ya ce ka zuba hatsi ko ka ɗaure agwagwa mai rai. Amurka ta haramta su tun 1935, harsashin dalma tun 1991, kuma bindigarka kada ta ɗauki fiye da harsashi uku. Ka riƙe wuƙa mai kaifi a aljihun ƙirji, domin wadda ta faɗo da sauran rai ka yanka ta nan take.