Amsa: Yadda za ka ci moriyar hutun minti biyar

Ɗan'uwa, ka ce aiki ba ya barinka ka huta sai ɗan minti biyar nan da can, kana tambayar abin da za ka yi da su. Na sha fama da wannan, shi ya sa zan tofa albarkacin bakina.

Abin da ya fi yi mini amfani numfashi ne. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Sirrin yana wajen fitarwar: idan ta fi shaƙar tsawo, bugun zuciya yakan lafa, jiki ya saki. Ciki ne zai riƙa tasowa, ba ƙirji ba. Sau goma ya isa, in ka ji jiri ka dakata.

Akwai kuma ɗaure jiki da sakinsa, dabarar da likitan Amurka Edmund Jacobson ya fito da ita a shekarun 1920. Ka dunƙule hannu na daƙiƙa 5, ka saki, sai kafaɗu, sai muƙamuƙi. Za ka yi mamakin yadda ka wuni kafaɗunka a ɗage ba ka sani ba.

Idan a gaban kwamfuta kake, duk bayan minti 20 ka kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

In ka samu damar runtsawa, kada ta wuce minti 20, don in barcin ya yi nauyi jiki a mace za ka tashi. Wayar kuwa, don Allah ka kife ta har hutun ya ƙare.