Tsohon firam na keke zai iya bin ayarin kulob?

Ka ce ka samu tsohon firam na ƙarfe, wato gangar jikin keke, kana so ka haɗa shi ka riƙa fita da 'yan kulob ɗin masu keke, amma kana tsoron kayan zamani ba za su dace da shi ba. Zai yiwu sarai, ni dai ina son irin waɗannan kekuna.

Kafin ka sayi komai, auna faɗin gurbin ƙafar baya. Firam na zamanin giya 6 ko 7 yawanci milimita 126 ne, ƙafafun giya 8 zuwa 11 kuwa 130 suke so. Ƙarfe yana jure a buɗa shi kaɗan, alminiyom kam kada ka taɓa. Duba zaren gurbin da sandar feda ke juyawa a ciki ma, na Ingila daban, na Italiya daban, na Faransa daban. Nan mutane suka fi ɓarna, sai su ɗaure da ƙarfi zaren ya cinye. Taya mai inci 27 kuma ba ɗaya ba ce da 700C, girman tayar kekunan tsere na zamani.

Robar birki da wayoyin birki da na giya, sa sababbi. Idan ka ga tsaga ko tsatsa ta ci wajen haɗi, kai wa ƙwararren mai gyara ya duba tukuna.

Ranar fitar farko, tsaya a bayan ayari, domin idan abin canza giya a jikin firam yake, sai ka saki hannu ɗaya kafin ka canza.