Me ya sa bugun katakon su Munch da Gauguin yake kamar ba a gama shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen zane, aji biyu. An nuna mana hotunan da su Gauguin da Munch suka buga da katako, ni dai gaskiya na ga kamar aikin gaggawa ne, baƙi ya yi yawa, ga ado ko'ina ga wasu alamomi da ban gane ba. Me ya sa ake ɗaukaka su haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh abu na farko, ka cire maganar gaggawa a ranka, mutanen nan sun iya zane sarai, da gangan suka bar aikin da kaushinsa, kuma sai ka san abin da suka tarar kafin ka gane dalili.

A ƙarni na 19 a Turai sassaƙar katako aikin jarida ne. Mai zane ya zana, a miƙa wa wani ma'aikaci daban ya sassaƙa da layuka sirara sirara har ka rantse ba katako ba ne, a buga dubbai. Ana yabon ma'aikacin ne idan hannunsa bai nuna ba. Sai kyamara ta zo, zuwa shekarun 1880 da 1890 an samu hanyar buga hotonta kai tsaye a jarida, kaga kwaikwayon abin da ido ya gani ya tashi daga hannun masu sassaƙa kenan. A lokacin kuma hotunan bugun katako na Japan sun cika Faris, a 1890 ma an yi babban baje kolinsu a can, matasan masu zane suka ga kala a shimfiɗe ba inuwa, layi mai ƙarfi, zanen jikin tufafi ya zama rabin hoton. Shi ne suka ɗauki wuƙa da kansu.

Yadda abin yake kamar hatimi ne, inda ka sassaƙe ya fito fari, inda ka bari ya ɗauki tawada. Babu tsaka-tsaki sosai, don haka dole ka rage, dole siffa ɗaya ta ɗauki ma'ana mai yawa, kuma daga nan adon da alamar da kake tambaya suka fito. Ba ƙari aka yi daga baya don a ƙawata ba.

Ka nemo aikin Félix Vallotton, ɗan Suwizalan da ya zauna a Faris, jerin hotuna 10 da ya fitar a 1898 kan zaman mace da namiji. A cikinsu akwai wanda ya sa wa suna Kuɗi. Mace ce sanye da farin kaya a bakin taga can gefen hagu, namiji na tsaye a jikinta yana mata magana hannunsa a buɗe, kuma baƙar rigarsa ba ta da iyaka, ta haɗe da baƙin da ya cinye fiye da rabin takardar. Wallahi duk lokacin da na kalle shi sai jikina ya yi sanyi, saboda baƙin nan da kake cewa ya yi yawa shi ne labarin gaba ɗaya, shi ne nauyin da ke tunkaro matar, kuma bai zana ko sisi a ciki ba.

Munch ɗan Nowe ya fara katako a 1896, shi kuma zarto ya kawo cikin sana'ar. Sai ya yanka allon gida-gida, ya shafa wa kowane yanki kalarsa, ya mayar ya haɗa su ya buga sau ɗaya. A hotonsa na 1899 na mutum biyu a bakin teku, mace da farar riga namiji da baƙaƙen kaya duk sun ba mu baya, matar yanki ce daban da aka yanke, idan ka duba da kyau za ka ga siririn layi ya zagaye ta inda zarton ya bi. Suna kusa da juna amma katakon kansa ya raba su. Sannan yana barin layin-layin jikin katakon ya fito a takarda ya zama sama ko ruwa, abin da ma'aikacin jarida zai goge tas.

Gauguin kuwa ya dawo Faransa daga Tahiti a 1893 ya sassaƙa alluna 10 don littafinsa Noa Noa, ya yi ta karce su da wuƙa da allura da samfefa, yana bugawa da hannu, shi ya sa kwafi biyu ba sa zama iri ɗaya, wani duhu har siffofin na nutsewa. A ɗaya akwai mace tana miƙa hannu ga fure, ƙadangare mai fukafukai a kusa da fuskarta, ga jerin ado a gefe, labarin Hauwa'u ne ya kai shi tsibirin. Amma a nan ina so ka buɗe ido, Tahiti tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa lokacin, mishan sun daɗe da canja rayuwar mutanen, yawancin gumakan da ke hotunansa daga littattafan Turawa da kansa ya haɗo su. Aikin yana da ƙarfi, ina son sa, amma kar ka karanta shi a matsayin tarihin mutanen Tahiti. Haka matasan ƙungiyar Die Brücke da aka kafa a Dresden ta Jamus a 1905, sun ɗebi siffofi daga sassaƙen Afirka da tsibiran Pasifik da suka gani a gidan tarihi ba tare da sanin ma'anarsu a wurin masu su ba.

Shawarata ka samu guntun falanki mai laushi ko lino, wato shimfiɗa mai kauri kamar roba da ake sassaƙawa, ka zana abu ɗaya kawai da baƙi da fari, ka tuna hoton zai fito a juye dama ta koma hagu, ka shafa tawada ka ɗora takarda ka murza da bayan cokali. Ka buga kwafi uku da tawada kaɗan da mai yawa, sannan ka koma ka sake kallon Vallotton ɗin, in akwai abin da bai fito maka ba ka sake turo tambaya.