Tambaya da Amsa: Lambar aiki a Amurka ga wanda ba shi da takardar zama

Assalamu alaikum. Ƙanena ya shiga Amurka da bizar ziyara, ta ƙare tun bara, yana zaune a Bronx a birnin Niyok. Duk inda ya je neman aiki sai a ce ya kawo "soshiyal". An ce masa akwai lambar da gwamnati ke ba marasa takarda. Gaskiya ne? Yaya ake samunta? — Wata mai karatu, Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne akwai, amma lambobi biyu ake haɗawa a maganar nan, kuma rashin bambance su ya jefa mutane da yawa cikin wahala.

Soshiyal ɗin da ake tambayarsa ita ce SSN, lamba mai alƙaluma 9. Ana ba da ita ga 'yan ƙasa, da masu girin kad (katin zama na dindindin), da baƙin da hukumar shige da fice ta ba izinin aiki. Wanda bizarsa ta ƙare ba ya cikinsu. Ta biyun ita ce ITIN, wadda hukumar haraji ta IRS ta fara bayarwa a 1996. Ita ma alƙaluma 9 ce, kullum tana farawa da 9, kuma ba a duba matsayin zaman mutum kafin a ba shi. Aikinta ɗaya ne: biyan haraji. Ba izinin aiki ba ce, ba ta gyara zaman kowa, kuma kamfani ba zai karɓe ta a madadin takardar izini ba.

Ga yadda ake nema. Zai cike fom W-7, ya haɗa shi da takardar harajinsa ta shekara, wato fom 1040, domin a mafi yawan lokuta IRS ba ta karɓar W-7 shi kaɗai. Sai shaidar ko shi wane ne. Takardu iri 13 hukumar ke karɓa, amma fasfo ne kaɗai ke tsayawa shi ɗaya. In babu shi sai an kawo biyu, ɗaya mai hoto. Dole fasfon ya kasance bai ƙare ba. Idan ya ƙare, ɗan Nijeriya zai fara da sabuntawa a ofishin jakadanci na Niyok, Atlanta ko Washinton, kuma can ma sai da lambar NIN.

A nan mutane suka fi tuntuɓe: hoton fasfo da aka buga a shago, ko da an buga masa hatimin notari (jami'in da ke tabbatar da takardu), ba ya wucewa. Ko ainihin fasfon, ko kwafin da hukumar da ta bayar da shi ta tabbatar. Ana iya aika ainihin ta gidan waya zuwa ofishin IRS na Austin a jihar Texas, amma ba mu ba da shawarar haka, don mutum zai yi makonni ba shi da wata shaida a hannu, kuma in ya canza gida a tsakani fasfon na iya ɓata. Gara ya nemi a sa masa rana a ofishin IRS na kusa, ko ya je wurin wakilin da hukumar ta amince masa, wanda ake kira CAA, a duba fasfon a mayar masa nan take. IRS ba ta karɓar ko kwabo. Wakilin ne ke cajin nasa kuɗin. Wasu cibiyoyin VITA masu taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi wajen cike haraji suna yi kyauta.

Amsa kan zo cikin mako 7, ko mako 9 zuwa 11 a lokacin cunkoso, daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Lambar tana zuwa ne a wasiƙa mai suna CP565, babu kati. Ya rubuta sunansa harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo: in Mohammed ne a fasfo kada ya sa Muhammad. Ya kuma tuna cewa a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, don haka 03/08 na nufin 8 ga Maris. Lambar da ta shekara 3 a jere ba a cike haraji da ita ba tana mutuwa, sai an sabunta.

Malam, wani ya ce in ba shi kuɗi ya kawo mini katin soshiyal da girin kad cikin kwana biyu. Wani abokina kuma ya ce in yi aiki da sunansa, mu raba. Wanne ya fi sauƙi? — Ɗan zangon Kumasi, Niyok

Ɗan'uwa, muna roƙonka kada ka ɗauki ko ɗaya. Mun san haya na jira, mutanen gida ma na jira, amma ka ji yadda abin yake.

Tun dokar 1986, duk mai ɗaukar ma'aikaci a Amurka sai ya cike fom I-9, ya duba takardun sabon ma'aikaci cikin kwana 3 na aiki. Kamfanoni da yawa kuma suna shigar da bayanan a manhajar gwamnati ta E-Verify, wadda wasu jihohi kamar Arizona suka wajabta. Katin da aka buga a ɗakin wani, da lambar da ba ta dace da sunanka ba, a nan yake tonuwa. Idan kuma lambar ta wani mai rai ce, kuma aka tabbatar ka san haka, laifin ya zama satar shaidar wani, wanda a dokar tarayya ke ƙara ɗaurin shekara 2 a kan sauran hukunci.

Abin da ya fi tayar mana da hankali wani ɗan akwati ne a shafin farko na I-9, inda ake tambaya ko kai ɗan ƙasa ne. Dillalai kan ce a yi alama a nan don kada a tambayi lambar shige da fice. Bisa dokar 1996, baƙon da ya yi da'awar zama ɗan Amurka da ƙarya don samun aiki an rufe masa ƙofar girin kad har abada, kuma kusan babu afuwa. Ko ka auri 'yar ƙasa bayan shekara goma, wannan alamar na nan a fayil ɗin kamfanin tana jiranka.

Aiki da sunan aboki kuwa, ko hayar asusunsa na manhajar kai abinci, kura da shan bugu ne gardi da karɓar kuɗi. Albashi asusunsa yake shiga. In mota ta buge ka a kan keke, a takarda ba kai ne ma'aikacin ba. Ranar da kuka ɓata, ba ka da hujjar ko dala ɗaya. Shi ma IRS za ta neme shi da harajin kuɗin da bai ci ba.

Wanda ya riga ya yi aiki da lambar da ba tasa ba, ya adana duk takardun albashinsa na W-2. IRS tana karɓar haraji da ITIN tare da su, amma ya ga lauyan shige da fice tukuna.

Ni kitso nake yi a gida, kuɗi a hannu ake biyana. Ina da amfani da ITIN? Kuma ta wace hanya zan samu soshiyal ta gaskiya? — 'Yar Maraɗi, Greensboro

'Yar'uwa, kina da amfani da ita sosai. Duk wanda ribarsa daga sana'ar kansa ta kai dala 400 a shekara, doka ta ce ya cike haraji. Ki riƙe littafi: ranar, nawa aka biya, nawa kika kashe a gashi, zare da man shafawa. Ana cire kuɗin kaya daga abin da ya shigo a fom Schedule C, a biya kashi 15.3 cikin ɗari na harajin mai zaman kansa a kan ribar, ban da harajin kuɗin shiga. Bankuna da yawa na buɗe asusu da ITIN da fasfo. Takardun harajin kuma sukan zama shaidar shekarun da kika yi a ƙasar idan aka zo gaban alƙali. Sai dai biyan haraji bai halatta aikin a wurin hukumar shige da fice ba, kuma jihohi da dama na buƙatar lasisin kitso.

Soshiyal ta gaskiya tana biyo bayan katin izinin aiki ne, wanda ake nema da fom I-765, shi kuma sai da dalilin da doka ta sani. Akwai neman mafaka da fom I-589, wanda ake shigarwa cikin shekara 1 da isowa, a jira watanni kafin a nemi izinin. Akwai auren gaskiya da ɗan ƙasa, wanda ya fi sauƙi ga wadda ta shiga da biza fiye da wadda ta tsallako iyaka. Akwai bizar U ga wanda aka yi wa babban laifi ya taimaki 'yan sanda, guda 10,000 kawai a shekara, da bizar T ga wanda aka yi safararsa, da dokar VAWA ga wadda miji ɗan ƙasa ko mai girin kad ke cutarwa. Kada ki bari wani ya ƙirƙira miki labarin mafaka. In alƙali ya yanke cewa da gangan aka shirya ƙarya, an haramta miki kusan kowace takarda har abada. Lauya mai lasisi ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince masa ne kaɗai ke da hurumin ba ki shawara. Ranar da soshiyal ta fito, ki rubuta wa IRS ta haɗe tsohon tarihin harajinki da sabuwar lambar.

In na ba IRS adireshina, ba za su miƙa wa 'yan kamen shige da fice na ICE ba? — Mai karatu, Niyok

Malam, tsoronka na da tushe. Sashe na 6103 na dokar haraji ya hana fitar da bayanan mai biyan haraji, kuma shekara da shekaru a kan haka aka dogara. A Afrilun 2025 IRS ta sa hannu a yarjejeniyar ba ICE wasu bayanai, musamman kan waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin kora, aka kuma kai maganar kotu. Wanda ke da ITIN tun da, bayanansa na can, daina cike haraji ba zai goge su ba, sai dai ya ƙara masa laifi. Wanda zai nema karon farko, musamman in ya taɓa ƙin halartar zaman kotun shige da fice, ya sa lauya ya duba ko akwai umarnin kora a kansa kafin ya aika W-7.