Ƙurajen Ruwan Kwantiras: Amsar Oga

Ka ce matar da muka yi wa hoton CT ranar Litinin ta dawo Laraba jiki duk ƙuraje, wai anya ruwan kwantiras ne, wato ruwan da muke ɗurawa ta jijiya don hoton ya fito sosai, tunda lafiya lau ta tafi? Sosai ma zai iya zama shi. Borin jini da ƙaiƙayi su ne ke tasowa cikin awa guda. Akwai kuma mai jinkiri, ƙananan jajayen ƙuraje, yakan kai har mako guda kafin ya fito, kuma nau'in ruwan da ake kira iodixanol ya fi sauran yin haka. Yawanci yana lafawa da kansa. Ka haɗa ta da likita, ka rubuta mata sunan ruwan a kati. Idan fata ta fara saɓulewa, ko baki ya fashe, ko zazzaɓi ya shigo, babu jira. Ɗumin da ke ratsa jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki kuwa, abin da aka saba gani ne, in sai na yi maka bayaninsu, koma makaranta.

Ka ma tayar min da tsohon miki. Wani Alhaji ne, ɗan kasuwa, ya zo hoton ciki yana sauri zai kama jirgi. Na dubi idonsa na ce, "Alhaji, an taɓa yi maka wannan allurar?" Ya ce bai taɓa ba, ya sa hannu a takarda. Ruwa na shiga, ko sauka daga gado bai yi ba, wuya da ƙirji suka yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, numfashi ya soma fito. Allah Ya sa likita na kusa, ya soka masa allurar ceton gaggawa ta adirenalin 0.5mg a cinya, muka kwana a kansa. Sai da asuba direbansa ke gaya min ai a Misira an taɓa yi masa, haka jikinsa ya yi, har suka ba shi takardar gargaɗi. Ɓoyewa ya yi don kada a ɗaga masa rana.

Ka ɗauka godiya ya yi? Da lauya ya dawo, wai mun ɗura masa lalataccen ruwa. Mai asibitin, saboda tsoron surutu, ya mayar masa da kuɗinsa har da na kwana, aka zaftare a albashina wata uku. Takardar da ya sa wa hannu tana gabansu, ba wanda ya ɗaga ta. Kuɗin makarantar yarana ke nan a shekarar, wallahi ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kuwa, ido na kan waya kuke jero tambaya, har da wai ko mutum na cin kifi. Me ya haɗa kifi da wannan? Ka tambaye shi ko an taɓa yi masa allurar, me ya faru, yana da asma? In ya zo da ɗan rakiya, shi ma ka ja shi gefe ka tambaya. Kanula kuma, wato robar da aka sa masa a jijiya, ba ta fita sai ya zauna minti 30 a gabanka, ko gwamna ne.

Tashi ka dubo min ranar lalacewar adirenalin ɗin da ke kan tire.