Ƙararrawar ɗakin sigina

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na kalli bidiyon da ka turo, na dattijon nan a tsohon ɗakin sigina na reluwen Ingila, wato ɗakin da ake ba jirage izinin wucewa, da ke ta danna maɓalli ƙararrawa na kaɗawa. Ka ce ko wasa yake. A'a, magana yake yi da na ɗakin gaba ta waya.

Ka ga, layin dogon an raba shi yanki-yanki ne, kuma doka ita ce jirgi ɗaya tak a cikin yanki ɗaya. To kafin ka saki jirgi sai ka nemi izini. Bugu 1, wato "saurara". Na can ya mayar maka da 1. Sai ka faɗa masa irin jirgin: na fasinja mai gudu, bugu 4 a jere, na fasinja mai tsayawa tasha-tasha, 3, ɗan shiru, sannan 1. In hanya fes take, sai ya maimaita maka daidai abin da ka buga. In ya yi gum, to ba a ba ka ba ke nan, jirginka ya jira. Jirgi ya shiga yankin, ka buga 2. Ya fita, shi kuma ya bugo maka 2, ɗan shiru, sannan 1. Kowane bugu kuwa sai an rubuta shi a littafi, da lokacinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar fitila. Mai sigina ba ya cewa jirgi ya fita sai ya ga jar fitila a bayan taragon ƙarshe da idonsa. In babu ita fa? Ai wataƙila jirgin ya tsinke, rabinsa na can tsaye a daji. Nan take zai buga wa na ɗakin gaba 9, na ɗakin baya kuma 4, ɗan shiru, sannan 5. Bugu 6 kuwa, haɗari ne a kan layi, a tsayar da komai. 7, a tare jirgin a duba shi.

Kuma ba haka kawai aka ɗora musu wannan wahala ba. A da, agogo wasu layukan ke bi: jirgi ya tashi, a jira 'yan mintoci, a saki na bayansa. A 1889, a Armagh da ke Ailan ta Arewa a yau, jirgin da ya kwaso yara zuwa yawon shaƙatawa ya kasa hawa tudu, aka raba shi biyu, taragun baya suka gangaro suka yi karo da wanda aka saki a bayansa. Mutum 80 suka rasu. A shekarar majalisar Birtaniya ta wajabta tsarin yanki-yanki a layukan fasinja.

Kafin gwamnati ta haɗe kamfanonin reluwe a 1948 akwai 'yan bambance-bambance a lambobinsu, kada ka ga wani jadawali daban ka ce Yaya ya shirga maka. To, sai an jima.