Hoton haƙori ya ce ƙanena ya kai 18: me doka ta tanada?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ƙanena ya isa Jamus shi kaɗai, shekarunsa 16 da 'yan watanni. Ofishin kula da yara ya karɓe shi, daga baya suka ce ba su yarda da shekarunsa ba, aka kai shi aka ɗauki hoton haƙoransa da na hannunsa. Yanzu an ba shi takarda cewa ya kai 18, za a fitar da shi daga gidan yara. Ba a yi masa takardar haihuwa ba lokacin da aka haife shi. Wani ya ce in sa a yi masa sabuwa da tsohon kwanan wata in aika. Shin magana ta ƙare ke nan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sauƙaƙa. Magana ba ta ƙare ba, amma lokaci ba ya jira, don haka da shi zan fara. A ƙarshen takardar da aka ba shi akwai sakin layi da ke faɗin inda zai kai ƙorafi da wa'adin da yake da shi, wanda a bisa al'ada wata 1 ne daga ranar da takardar ta shiga hannunsa. Wasu jihohin Jamus ana fara kai ƙorafi ga ofishin da ya yanke hukuncin, wasu kuma kai tsaye ake wucewa kotun harkokin mulki. Abin da mutane da yawa ke tuntuɓe a kai shi ne, a ƙarƙashin sashe na 42f na kundi na 8 na dokar jin daɗin jama'a ta Jamus, shigar da ƙara ba ya dakatar da fitar da yaro daga gidan. Dole lauyansa ya haɗa da roƙon gaggawa, ya nemi kotu ta tsayar da hukuncin har a gama shari'a. Irin wannan ƙara ba a biyan kuɗin kotu a kanta, kuma yana iya neman tallafin kuɗin lauya. Ya nemi lauyan da ya ƙware a harkar baƙi ko ofishin ba 'yan gudun hijira shawara a cikin makon nan, kada ya jira wata takarda daga wurinki.

Sai batun haƙori, domin a nan ƙarfin shari'arsa yake. Hoton da aka ɗauka yana nuna duk muƙamuƙi a faifai ɗaya. Kafin yaro ya kai wajen shekara 15 ko 16, kusan duk haƙoransa sun gama tsayuwa, saura na can ƙuryar baki, waɗanda ake kira haƙoran hankali. Su likita ke dubawa, musamman saiwarsu: ta gama tsawo, bakinta ya rufe, ko da saura. Yawanci ana amfani da matakai 8 da Demirjian da abokan aikinsa suka tsara a 1973, daga A zuwa H, inda H ke nufin saiwa ta kammala. Matsalar ita ce babu haƙorin da ya kai haƙorin hankali bambanta tsakanin mutane. Wani nasa ya kammala bai kai 18 ba, wani ya haura 20 nasa da saura, wani ma ba a halicce shi da shi ba sam. Likita yana kwatanta hoton ne da jadawalin wasu yara da aka san shekarunsu, ya ce mai irin wannan haƙori galibi yana tsakanin shekara kaza da kaza. Ranar haihuwa kuwa, babu hoton da ke faɗinta.

Akwai wani abu da nake so lauyansa ya tsaya a kai sosai: da waɗanne yara aka kwatanta shi? Binciken da Olze da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 ya kwatanta Jamusawa da Japanawa da baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu, ya kuma nuna cewa 'yan Afirkan suna kaiwa matakan nan da wuri fiye da sauran. Idan aka auna yaron Afirka da jadawalin Turawa, ana iya ɗora masa shekarun da ba nasa ba. Haka ma hoton hannu: littafin Greulich da Pyle na 1959 da ake yawan amfani da shi, an gina shi ne kan yaran Amurka fararen fata na wajajen shekarun 1930, kuma ƙashin hannu yana iya kammala girma kafin shekara 18. Shi ya sa ƙungiyar masanan ƙiyasin shekaru ta Jamus, AGFAD, ta ce a haɗa duba jiki da hoton hannu da na haƙori, in hannu ya kammala a ƙara da hoton ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, wanda shi ne ke jinkirin kammaluwa. Daga bayaninki, wannan na ƙarshe ba a yi shi ba. Wannan giɓi ne babba.

Saboda haka ya nemi cikakken rahoton likitan, kada ya tsaya ga wasiƙar ofis. Rahoto mai kyau yana ɗauke da lambobi biyu: shekarun da suka fi yiwuwa, da mafi ƙarancin shekarun da mai irin wannan sakamako zai iya kasancewa. Ta biyun ita ce ke da nauyi a gaban alƙali. Idan rahoto ya ce mai yiwuwa shekararsa 19, amma mafi ƙaranci 17, to bai kore yarinta ba, shakka na nan. A ra'ayina, ofishin da ya ɗauki lambar farko ya rufe ido daga ta biyu bai yi wa doka adalci ba.

Ita kuwa shakka, doka ta faɗi wanda za ta amfana. Umarnin Tarayyar Turai na 2013 kan hanyoyin neman mafaka ya ce idan an yi gwajin likita kuma har yanzu akwai kokwanto, a ɗauki mai nema a matsayin yaro. Kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗi haka tun 2005. A Yulin 2022 kotun haƙƙin ɗan'adam ta Turai, a shari'ar Darboe da Camara, ta sami Italiya da laifi bayan an dogara da hoton wuyan hannu aka ajiye wani yaro ɗan Gambiya a sansanin manya fiye da wata 4, ba a naɗa masa wakili ba, ba a kuma yi masa bayanin haƙƙinsa ba. Wannan hukunci Jamus ma tana la'akari da shi. Ki tambayi ƙanenki: an kawo masa tafinta da yake ji sosai? An yi masa bayanin gwajin da abin da zai biyo baya kafin ya sa hannu? Akwai wakilin da ya amince a madadinsa? Kafin likita, ma'aikatan ofis sun zauna da shi sun yi hira ta tsanaki? Dokar Jamus ta jera matakan: takardu da farko, sai hira da lura, likita sai in shakka ta rage. Duk matakin da aka tsallake hujja ce.

Shawarar da aka ba ki ta yin takarda da tsohon kwanan wata, ina roƙonki ki yi watsi da ita. Hukumomin Jamus suna da masu binciken takardu, kuma in aka gano ta bogi ce, laifi ne a dokarsu, sannan duk abin da yaron ya faɗa a baya zai zama abin zargi, har labarin da ya sa yake neman mafaka. Idan hukumar rajistar haihuwa za ta ba shi takarda yanzu ta hanyar da doka ta yarda, da kwanan watan yau a jikinta, wannan halal ne, sai dai nauyinta bai kai na wadda aka yi tun yana jariri ba. Abin da ya fi ta amfani shi ne tsofaffin takardun da ba don wannan rigima aka yi su ba: katin rigakafi, rajistar shiga firamare, sakamakon jarrabawa, katin asibiti. Ki ɗauki hotonsu ki tura wa lauyan yau, na asali su biyo baya ta hanya mai aminci. In yana neman mafaka ne daga gwamnatin ƙasarsa, kada ya je ofishin jakadancinta neman takarda sai ya shawarci lauya.

Abu biyu na ƙarshe. Hukuncin ofishin yara bai ɗaure hukumar mafaka ko ofishin baƙi ba, kowanne yana rubuta tasa ranar haihuwa, don haka lauya ya duba abin da aka sa a kowane fayil. Kuma ko da kotu ba ta goyi bayansa ba, sashe na 41 na kundi na 8 na dokar jin daɗin jama'a ya ba matashi damar neman taimakon ofishin yara, galibi har ya kai 21, in yana bukatarsa don tsayawa da ƙafarsa. Dokokin mafaka na Turai suna cikin sauyi tun yarjejeniyar 2024, saboda haka lauyan da ke can, wanda takardun ke gabansa, shi zai tabbatar da ƙa'idar da ta hau kan ƙanenki a ranar da aka yanke masa hukunci.